Jan Ruwan Zaƙi A Duwatsun Peru, Busasshen Fure A Bakalori

Furen tumatur ba shi da ruwan zaƙi ko ɗigo. Haka furen gauta, haka na yalo, haka na dankalin Turawa. Yaran ƙauye sun san furannin da ake tsinkewa a tsotse gindinsu don ɗan zaƙin da ke ciki, amma ba a taɓa ganin yaro ya tsaya tsotsar furen tumatur ba, don babu abin tsotsa. Shi ya sa idan ka zagaya lambunan Bakalori da ke kusa da Talata Mafara a tsakiyar hunturu, lokacin da tumatur ya yi fure ko'ina rawaya, za ka ga ƙudan zuma na ratsa shi ya wuce, hankalinsa na kan hudar mangwaro ko fegin albasar iri.

Amma wannan gauta tamu tana da ƴan uwa a can duwatsun Andis na Kudancin Amurka, masana tsirrai na kiran su Jaltomata, waɗanda furensu ke tara ruwan zaƙi har ya taru ana ganinsa da ido. A wasu daga cikinsu ma ruwan ja ne wur kamar jini. Dangi ɗaya, gida biyu: ɗaya ya hana ruwa sam, ɗayan kuma yana bayarwa har da rina shi. Wanda ya fahimci dalilin wannan rabuwa zai fahimci abubuwa da dama da ke faruwa a lambunsa, tun daga zubewar fure har zuwa ɗacin ɗanyen gauta.

Mu fara da na gida. Tsinko furen gauta da hantsi, bayan raɓa ta bushe. A tsakiyarsa akwai wasu ƴan tsinke rawaya da suka haɗa kai, su ne jakunkunan garin fure, wato irin abin nan da manomi ke kira bununi a kan gero. A yawancin furanni jakar takan tsage daga sama har ƙasa, garin ya fito fili, duk ƙwaron da ya sauka ya kwasa. A gauta ba haka ba ne. Jakar a rufe take, sai ƴan ƙofofi biyu ƙanana a kan tsininta. Riƙe furen a saman baƙin gilashin wayarka, ka ɗalle shi da farce sau biyu ko uku. Za ka ga wata ƙura mai laushi ta sauka a kan gilashin. Ba ta fitowa sai an girgiza. Na tumatur ya ɗan bambanta, don jakunkunansa sun manne da juna sun yi tsini ɗaya mai ƙofa a baki, amma hukuncin ɗaya ne.

Ƙudan zuman da muke kafa wa amya bai iya wannan girgiza ba. Masu iya ta su ne wasu danginsa da ba sa yin zumar da ake ɗiba. Akwai ƙaton nan baƙi, wani da rawaya a ƙeya, mai ƙugi, wanda ke huda busasshen itace ko dirkar rumfa ya yi gida. Akwai kuma ƙanana masu zane a ciki da ke haƙa rami a ƙasa ko a jikin katangar laka. Idan ɗayansu ya sauka kan fure, sai ya cafke tsinin da baki, ya naɗe cikinsa a ƙarƙashi, ya tsayar da fikafikansa, sannan ya kaɗa tsokar ƙirjinsa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya. In kana kusa za ka ji muryar ta canza, ƙugin tashi ya koma wata siririyar ƙara gajeruwa. Garin ya feso masa a ciki, ya share ya kai wa ƴaƴansa, abin da ya saura a jikinsa kuma ya goga wa fure na gaba. Bayan ya tashi, duba tsinin: za ka ga ɗan tabo ruwan ƙasa inda ya ciza. Masu noman tumatur a rumfunan gilashi a Turai da wannan tabon suke gane an yi barbara. Kafin 1987, lokacin da aka fara kiwon irin waɗannan ƙudaje masu ƙugi don sayarwa a Beljiyam, ma'aikata ne ke bin furanni da ɗan sanda mai batir suna girgiza su.

To ladan baƙon gauta garin fure ne kawai. Kuma tsari ne mai wayo, don ya kulle abincin, ya bar mabuɗin a hannun ƙalilan masu iya aiki. Jinsin da gauta da tumatur suke ciki, Solanum, yana da nau'i fiye da 1,200, kuma kusan dukansu a kan wannan tsari suke.

Jaltomata su ne mafi kusanci da wannan babban gida a duk cikin dangin. Lissafin masu binciken ƙwayar halitta ya nuna sun rabu kimanin shekara miliyan 17 da suka wuce. Su ba su da yawa, nau'i ne wajen 70, daga Arizona a kudu maso yammacin ƙasar Amurka, ta Meziko, har zuwa Bolibiya, amma cibiyarsu Peru ce. Wasu ganyayyaki ne masu laushi, wasu ƴan kurmi ne da ba su wuce tsayin mutum ba. Da yawansu na zaune a tsayin da ya haura mita 3,000. Don a gane tsayin, dutse mafi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi da ke Taraba, mita 2,419 ne, balle Kwatarkwashi namu. Mutum biyu da suka daɗe suna bin waɗannan tsirrai kwari-kwari suna rubuta sababbin nau'i su ne Thomas Mione na wata jami'a a Konetikat ta Amurka da Segundo Leiva González na birnin Turuhiyo a Peru.

Jakar garin furensu tana tsagewa ne a tsaye kamar ta barkono, babu kulle. Kuma suna ba da ruwan zaƙi. Waɗanda ke Meziko da Amurka ta Tsakiya furensu a shimfiɗe yake, ɗan ƙarami, fari-fari ko kore-kore, da ɗan ruwa garai kaɗan, daidai bakin ƙudan zuma. A Andis ne abin ya yi rassa: ga mai siffar ƙararrawa, ga mai dogon bututu, ga mai kumburarren ciki. A cikin waɗannan ne ake samun masu jan ruwa, kamar Jaltomata herrerae na kudancin Peru da Bolibiya. Furen kansa ba wani ado gare shi ba, kore ne, yana rataye kai ƙasa. Sai ka leƙa ciki ka ga jan ruwa ya kwanta a gindinsa tsakanin tushen jakunkunan nan biyar. A wasu nau'in jan yana bayyana ta jikin furen tun daga waje.

Me ya kawo dutse cikin maganar? A can sama akwai sanyi da hazo da iska. Ƙwaro jikinsa na bin yanayi, in gari ya yi sanyi sai ya lafa. Tsuntsu kuwa yana ɗauke da zafin jikinsa, yana fita kiwo ko da hazo. Andis kuma gida ne na wasu ƴan mitsi-mitsin tsuntsaye masu dogon baki da ke tsayawa cak a iska suna shan fure, waɗanda babu su a ko'ina sai nahiyar Amurka. Mafi kama da su a wajenmu shi ne sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai sheƙi da lanƙwasasshen baki, ko da yake shi yakan sauka kan reshe ne kafin ya sha, kuma ba dangi ba ne. Tsuntsu ba ya aiki don garin fure. Sukari yake so, mai yawa, a cikin ruwa. Tsiron da ya hau dutse ya koma dogaro da tsuntsu dole ya yawaita ruwa, ya kuma zurfafa fure yadda kan tsuntsu zai goga.

Wannan ya bayyana yawan ruwan, bai bayyana launinsa ba. Tsirrai masu fure a duniya sun fi 300,000, kuma kusan duk masu ba da ruwa a cikinsu ruwansu garai ne. Wani nazari da Dennis Hansen da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya tattara waɗanda aka sani da ruwa mai launi, bai kai nau'i 70 ba. Akwai rawaya, akwai ruwan ƙasa, akwai baƙi, akwai ja. Abin da ya ja hankali shi ne yawancinsu ba ƙwari ne ke yi musu barbara ba, tsuntsaye ne ko ƙadangaru, kuma da yawa a tsibirai ko duwatsu suke.

Gwajin da ya fi fito da amsa ba a Peru aka yi shi ba. A tsibirin Morishus ne, gabas da Madagaska, inda wani fure shuɗi mai suna Nesocodon ke tsirowa a jikin gangaren dutse, shi ma da jan ruwa. Masu shan sa wasu tsaka ne korra masu yawo da rana. Mu nan in aka ga tsaka a ɗaki takalmi ake nema, can kuwa ita ce mai barbara. A 2006 Hansen ya ajiye wa waɗannan tsaka furannin roba, wasu da ruwan sukari garai, wasu da wanda aka rina, sai suka riƙa zaɓen mai launi. Daga nan aka gina bayanin da ya fi karɓuwa: launin alama ce da ba ta ƙarya. Furen da aka shanye ruwansa yana nan da kyansa, mai ziyara ba zai san fanko ba ne sai ya ɓata lokaci ya leƙa. Amma idan launin a jikin ruwan yake, ranar da ruwa ya ƙare launi ya tafi. Kamar zoɓo ne a gorar roba: tun daga nesa ka san ko akwai, ka kuma san iya inda ya tsaya. Tsuntsun da ya koyi haka zai riƙa dawowa ga wannan nau'in, wanda shi ne abin da tsiron ke buƙata, don garin furensa ya isa ga ɗan uwansa kada ya ɓace a furen wani.

A 2022 wasu masana ƙarƙashin Clay Carter na Jami'ar Minesota suka gano sinadarin da ke kawo jan, suka sa masa suna nesokodin. A furen Morishus ruwan yakan fito ne rawaya-rawaya, daga baya ya rine. Furen na zuba wasu sinadaran aiki guda uku a cikinsa. Ɗaya na mayar da ruwan mai ɗabi'ar kanwa. Na biyu na sarrafa wani sinadari ya zama wanda zai haɗu da furolin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, haɗuwarsu ce ke ba da ja. Na uku kuma yana share wata guba da aikin na biyun ke haifarwa, wadda in an bar ta za ta kashe launin. Da suka duba ruwan Jaltomata herrerae sai ga nesokodin ɗin nan dai, alhali tsirran biyu ba dangi ɗaya ba ne, ga teku da nahiya a tsakaninsu, kuma sinadaran aikin da kowanne ke amfani da su ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Kowa ya bi hanyarsa, suka haɗu a launi ɗaya.

A nan ina ganin ya kamata a ja birki kaɗan. Masu yaɗa labarin kimiyya na son cewa an warware asirin jan ruwa. Abin da aka gwada da ido shi ne zaɓin tsaka a Morishus. Na Andis ƙiyasi ne aka ɗora a kai, mai ƙarfi dai, tunda an ga tsuntsayen na ziyara kuma tsiro ba zai ɗauki wahalar haɗa irin waɗannan sinadarai a banza ba. Amma launi na iya yin aiki fiye da ɗaya, kuma akwai misalin da ke nuna haka. A Afirka ta Kudu akwai wani nau'in alobera mai ruwa baƙi-baƙi, wanda binciken Steven Johnson na 2006 ya nuna yana da ɗaci. Ƙudan zuma da dangin sha-kauci na ɗanɗanawa su gudu, su da ma ba sa yi masa barbara da kyau. Wasu tsuntsaye masu gajeren baki, waɗanda kansu ke shiga furen sosai, su ɗacin bai dame su ba. Ke nan ruwan na kira yana kuma kora.

Ko a cikin dangin gauta akwai mai irin wannan hali, kuma mun san shi: taba. Kakanninmu mata da furenta suke goge haƙora su yi ja tare da goro, har in aka ce fure kawai an san wanda ake nufi. Furen taba na da ruwan zaƙi, amma da nikotin a ciki. A 2008 Danny Kessler da Ian Baldwin na wata cibiyar bincike a Jamus suka yi gwaji da tabar daji a Yuta ta Amurka, suka cire wa wasu tsirrai ikon yin nikotin. Baƙi suka riƙa daɗewa a kan waɗannan suna shanyewa tas. Masu nikotin kuwa ana kurɓa kaɗan a matsa gaba, kuma su ne suka fi yaɗa garinsu zuwa wasu tsirrai. Baƙon da ya ƙoshi a fure ɗaya bai yi wa tsiro aikin komai ba.

Akwai wata dabarar ta lokaci. A yawancin Jaltomata fure na buɗewa ne da ɓangaren mace a shirye, jakunkunan gari kuma a rufe, gajeru. Sai washegari su miƙe su tsage. Ranar farko dama ce ga garin wani tsiron. In babu baƙon da ya zo, da yawansu na iya barbarar kansu daga baya, kada a tashi a tutar babu. Gautan kura, wannan mai ƙaya da ke cika kufai da gefen hanya daga Gusau har Zuru, tasa dabarar daban ce. Duba reshe ɗaya na furanninsa: na ƙasa ne ke da dogon tsinken mace da ya zarce jakunkuna, shi ne zai zama ɗa. Na samansa tsinkensu gajere ne, aikinsu ba da gari kawai, sai su bushe su faɗi. Yalo ma yana da ɗan wannan hali. Don haka ba duk furen da ya zube ne asara ba, wani da ma ba a yi shi don ya haihu ba.

Sai ƴaƴa. Na Jaltomata ƙanana ne, kamar girman magarya ko ƙasa da haka, cike da ƙananan iri, suna zaune a kan wani koren faifai mai kusurwa biyar wanda ke faɗaɗa bayan furen ya faɗi. Na Meziko baƙi ne mai ratsin shuɗi idan ya nuna, na Andis yawanci ruwan lemo ne, akwai ja, akwai ma waɗanda ke nuna suna kore. Wani bincike na 2011 ya nuna cewa launin ɗa ya fi siffar fure bin sawun zuri'a, wato fure na saurin sauya kama gwargwadon baƙon da ya samu, ɗa kuwa yana riƙe da na kakanni. Ana cin su. A Meziko manoma kan tsallake nau'in da ake kira procumbens in suna noman masara, yadda mu ma ake barin lalo da gasaya a gonar gero, har a kai ƴaƴan kasuwa.

Ɗa yana da matsalar da fure ba shi da ita. Yana so a ci shi, amma ba yanzu ba, kuma ba kowa ba. Muddin iri bai ƙosa ba, tsiron na cika ɗan da sinadarai masu ɗaci da guba, ya bar shi kore ya ɓace a cikin ganye. Ɗanyen tumatur na da tomatin, wanda ke raguwa ƙwarai in ya nuna. Gautan kaji haka yake, ɗanyensa ne abin tsoro. Dankalin Turawan da rana ta taɓa ya yi kore, solanin ne ya taru a ciki, a yanke wurin a zubar, in ya yi yawa a bar shi. Gautan da muke ci da ɗan ɗacinsa, zaɓen manoman Afirka ne na tsawon zamani ya rage masa guba ya bar ɗanɗano. Gautan kura kuwa ba wanda ya zaɓe shi, ko ya yi rawaya shar gubarsa na nan. Barkono ya fi kowa iya zaɓen mai ci: yajinsa na ƙona bakin ɓera da na mutum, tsuntsu kuwa ba ya jin sa. Joshua Tewksbury da Gary Nabhan sun nuna a 2001 a Arizona cewa ɓeraye na ƙin barkonon daji, tsuntsaye na haɗiye shi su kasayar da irin lafiya lau a wani wuri. Ɓera da zai ci, da tauna irin zai yi. Zaƙami shi ya fita daga wannan ciniki gaba ɗaya. Ɗansa ƙullutu ne mai ƙaya da ke fashewa da kansa, ba ya neman mai ci, kuma ba a yi masa laƙabin haukata-yaro a banza ba. Samarin da ke jefa shi a abin sha a wajen biki da ransu suke wasa, don babu wanda ya isa ya auna yawan gubar da ke cikin ƙwaya ɗaya da ido.

Idan muka dawo fadama, abu na farko shi ne kafa amya a gefen tumatur ba zai ƙara kwando ba. Amya na da amfani ga albasar iri irin ta Aliero, da kankana, da kabewa, har da tattasai da attaruhu, tunda su furensu na da ɗan ruwa kuma jakarsu a buɗe take. Tumatur kuwa yana barbarar kansa, iskar hunturu na girgiza shi, ƙudan nan mai ƙugi kuma na ƙara yawan irin da ke shiga ɗa, ɗa mai yawan iri shi ya fi cika da nauyi. Gauta da yalo sun fi tumatur buƙatarsa.

Na biyu, zafi. Asalin dangin tumatur yammacin Kudancin Amurka ne, bai saba da bazararmu ba. Da zarar zafin rana ya riƙa haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin fure na lalacewa tun a jaka, wani lokaci tsinken macen ya zarce tsinin yadda garin ba zai same shi ba. Furen da bai sami barbara ba sai ya yi rawaya a wuya ya karye. A watan Afrilu Zamfara da Kebbi na wuce digiri 40. Manomin da ya yi dashe a makare, ya ga fure na zuba, yakan ruga kasuwa neman maganin riƙe fure, alhali babu ruwan kwalbar da zai ta da garin da zafi ya kashe. Maganin yana wajen lokacin dashe da zaɓen iri mai jure zafi.

Na uku, feshi. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatur a Arewa a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, ita ma ƴar Kudancin Amurka ce, a Peru aka fara rubuta ta, ta shigo Sifen a 2006 kafin ta gangaro Afirka. Tana shiga tsakiyar ganye ta ɓuya, magani bai cika isa gare ta ba, sai manomi ya ƙara yawa ya ƙara kusanta ranakun feshi, ita kuma ta saba. Yawanci da safe ake ɗaukar famfo, daidai lokacin da fure ya buɗe ƙudan ƙugi ya fito aiki. Uwar sharon kuwa, wato ƙwaron mai fikafikai da ke saka ƙwanta, da rana lafewa take a ƙarƙashin ganye, sai magariba take tashi. Feshin yamma lis ya fi samun ta, ya kuma tarar masu barbara sun koma raminsu. Busasshen kututturen da ke bakin lambu mai ƴan ramuka zagayayyu daidai shigar ɗan yatsa, gidansu ne, a nemi itacen girki a wani wuri.